Idon Baba Cornelius

Litinin, 1 ga Yuli, ƙarfe 4:20 na yamma

Yau wani malamin noma ya zo ofis daga wata sakandare ta bayan Shika, riƙe da ganyen masara a leda. Da farko na ɗauka ɓatan hanya ya yi. Ya zauna gaban teburin Alhaji Uba, mai kamfaninmu, ya zaro littafinmu na Noma na aji biyu, ya buɗe bangon baya inda muke manna katin ganye, ya shiga jera ganyayen ɗaya bayan ɗaya.

Katin nan shi ne abin alfaharinmu. Gida huɗu ne na kore, daga mai haske zuwa mai duhu. Ɗalibi ya kara ganyen masararsa, in ya dace da na ɗaya ko na biyu, gona tana son taki, in na uku ko na huɗu ne, a ƙyale ta. Bugun bara har waya malamai suka yi ta yi suna yabo. Na bana ne a hannun mutumin.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ku duba da idonku. Yara sittin na kai gona, babu ganye ɗaya da ya yi kama da ko gida ɗaya. Har wata yarinya ta tambaye ni ko masarar Turawa kuka buga."

Da gaskiyarsa. Koren ya tafi shuɗi-shuɗi, kamar an wanke shi da bula.

Alhaji bai yi faɗa ba, kuma shirunsa ya fi faɗansa ban tsoro. Ya juyo ya ce, "Zubaidatu, ke ce mai kula da bugu. Kwafi nawa?" Na ce dubu shida. Ya ce duka sun fita? Na ce duka, tun farkon Yuni.

Gobe sai Sabon Gari, wurin masu bugu.

Talata, 2 ga Yuli, ƙarfe 1:10 na rana

Mun je maɗaba'ar Oga Nwankwo, ni da Alhaji. A Sabon Gari aka haifi Oga, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan birni, amma in ransa ya ɓaci sai ya haɗa ta da Turancin kasuwa. Yau kam ya haɗa.

Aka kira Baba Cornelius. Shekara talatin da ɗaya yana kan injin bugu. Koren katin nan da hannu yake haɗa shi, rawaya da shuɗi a kan gilashi, da 'yar wuƙarsa mai ƙotar katako, yana shafawa a takarda yana fita bakin ƙofa yana dubawa a hasken rana. Shi ya koya mini duk abin da na sani a kan launi, lokacin da na fara aiki shekara tara da suka wuce ban san gaban takarda da bayanta ba. Doka ɗaya yake da ita, har na haddace: ba a bin kwamfuta, ba a bin tsohon littafi, ba a bin baki. Samfurin da mai aiki ya sa wa hannu kawai ake bi, shi kuma a baƙin ambulan yake zama, cikin duhu.

Ya karɓi katin bana da na bara ya fita bakin ƙofa. Ya daɗe a tsaye. Da ya dawo muryarsa ta yi ƙasa.

"Oga, samfur na bi. Tawadan da muka yi amfani da shi bara babu shi a kasuwa, dole na sake haɗi da ido. Amma samfur na bi."

Oga ya ce, "To ina samfurin?"

Duk suka juyo gare ni, domin tare da littattafan aka maido mini da shi. Na ce zan duba ofis.

Talata, ƙarfe 5:45 na yamma

Na buɗe ambulan. Na kara abin da ke ciki da katin bara, sannan na kara shi da na bana. Na mayar, na kulle aljihun tebur, na jefa makullin a jaka.

Na zo gida na ɗora shinkafa, ta kama.

Laraba, 3 ga Yuli, ƙarfe 9:00 na safe

Na ce wa Alhaji ban gan shi ba tukuna.

Alhamis, 4 ga Yuli, ƙarfe 2:30 na rana

Sau uku ina buɗe littafin nan ina rufewa. To bari dai in rubuta, tunda ba mai karantawa.

Samfurin da bugun bana iri ɗaya ne sak, ko gashi bai raba su ba. Baba Cornelius bai kuskure ba. Samfurin ne ya canza.

A watan Afrilu na cire shi daga ambulan na kai wa wata shugabar makaranta ta gani. Ina fitowa daga wurinta aka bugo mini waya a kan Umma, aka ce an wuce da ita asibiti a Shika. Na jefa takardar bayan kujerar baya, ƙarƙashin gilashi, na ja mota. Daga nan ban sake tunawa da ita ba. Mako biyar motar nan tana wuni a filin asibiti, a ranar bazara, inda ko bishiya ɗaya babu. Ranar da za a ba da aikin sake bugu, a tsakiyar Mayu, na neme ta na neme ta, sai ga ta a can ta ɗan lanƙwashe. Na karkaɗe ta, na danna ta cikin ambulan, na garzaya Sabon Gari, ina duba agogo saboda lokacin zagayen likita.

Kuma ya tambaye ni. Nan ne wurin da alƙalamin yake ƙin tafiya. Ya zaro ta, ya karkata kai, ya ce, "'Yata, koren nan ya yi mini wani iri. A duhu kika ajiye shi?"

Na ce, "A duhu yake tun bara, Baba."

Ya ce, "To, in kin ce."

Ban tsaya ganin bugun farko ya fito daga inji ba, abin da ban taɓa tsallakewa ba. Kwana huɗu bayan nan abin da ya faru ya faru, ba zan rubuta shi a nan ba. Ina zaman makoki aka gama, aka ɗaure, aka raba wa makarantu.

Wallahi a lokacin ban ɗauke ta ƙarya ba. Sauri nake yi. Na ɗauka takarda takarda ce.

Juma'a, 5 ga Yuli, ƙarfe 11:15 na safe

Oga Nwankwo ya bugo wa Alhaji, ina zaune ina ji. Ya amince zai sake buga katin, mu kuma mu bi makarantu a manna sabo. Sannan ya ce ya ba Baba Cornelius hutu. Hutun da ba a faɗi ranar dawowa ba.

Na ji shi yana cewa, "Alhaji, mutumin nan ya yi mini aiki, ba na musu. Amma ido ba ƙarfe ba ne. Sittin da biyu fa. Idon ya tafi, shi ne kawai bai sani ba."

Alhaji ya ce Allah ya kyauta. Ni ma na ce Allah ya kyauta, da bakina.

Asabar, 6 ga Yuli, ƙarfe 10:40 na safe

Na wanke mota ciki da waje, har da wurin nan na baya. Nasir ya fito da kofin shayinsa ya tsaya yana kallona.

"Hajiya, lafiya? Shekara shida da aurenmu ban taɓa ganin kin wanke motar nan ba. Sayar da ita za ki yi?"

Na ce ya tafi ya ba ni wuri. Ya ce ai tafiya zai yi, amma in yi haƙuri in bar fenti kaɗan a jiki.

Ban yi dariya ba. Ya lura.

Lahadi, 7 ga Yuli, ƙarfe 5:00 na yamma

Na fita sayen biredi, na ƙare da zagaye rabin Samaru a ƙafa. Zama ya gagare ni.

Duk tsofaffin hotunan 'yan takara da ke manne a bangaye sun koma shuɗi. Fuska shuɗiya, hula shuɗiya, tutar jam'iyya shuɗiya. Kullum ina wuce su ban taɓa kulawa ba, yau kuwa sai ƙirga su nake yi. Baba ne ya taɓa nuna mini wannan, muna tsaye ƙofar maɗaba'a. Ya ce rana rawaya take fara sha, sannan ja, shuɗi ne mai taurin kai. Kenan na sani. Ba jahilci ba ne, an koya mini.

Shi ma ai ya sani, ya fi kowa sani. Abu ɗaya ne ya hana shi ganowa: na ce masa a duhu yake.

Litinin, 8 ga Yuli, ƙarfe 3:20 na yamma

Oga ya ɗauko wani daga Kaduna, Henry, ya hau injin Baba. Yana da wata 'yar na'ura kamar wayar hannu, ya ɗora ta a kan launi ta ba shi lambobi. Ba shi da laifi, yana da ladabi, amma na tsani yadda ya matsar da kujerar Baba gefe ya ɗora jakarsa a kai.

Ya nemi samfur. Na miƙa masa sabon kwafin bara daga cikin kwali, na ce ya bi wannan. Na ce na ainihin ya ɓace. Yanzu kalmar fita take yi ba tare da ta taɓa maƙogwarona ba.

Matan da ke naɗe takardu suna ta hira a kan idon Baba. Wata ta ce dama ta lura yana matse ido. Wata ta ce ai tun bara ya zuba gishiri a shayi. Ƙarya suke yi, Allah ya sani, mutumin da yake hango ɗigon tawada daga ƙofa! Raina ya ɓaci har na buɗe baki zan wanke su, sai na tuna ko wace ce ni a cikin maganar. Na rufe.

Talata, 9 ga Yuli, ƙarfe 7:10 na safe

Makullin yana jaka. Na duba sau huɗu tun da na tashi.

Laraba, 10 ga Yuli, ƙarfe 12:50 na rana

Na faɗa wa Alhaji.

Na jira sai da akawu ya fita, na rufe ƙofa, na ajiye ambulan a gabansa, na ba shi labari tun daga Afrilu. Na shirya wa kora, har na kwashe 'yan kayana daga tebur tun da safe. Ya saurara yana jan carbi. Bai ko taɓa ambulan ɗin ba.

"Wa kika gaya wa?"

Na ce babu kowa.

"To ya tsaya a haka. Nwankwo ya riga ya ɗauki aikin a kansa, an wuce wurin. In kika tayar da maganar nan, sunan kamfanina ne zai shiga bakin mutane, ba naki ba. Makarantu za su ce ba mu iya ajiye takarda ɗaya ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, Baba Cornelius fa?"

"Tsoho ne, ko yau ko gobe dama zai ajiye. Ke kuma kina cikin jarrabawa a lokacin, Allah ya ga zuciyarki. Ɗauke abin nan daga gabana. In kuwa na ji shi a Sabon Gari, Zubaidatu, to kin zaɓa."

Na ɗauka, na ce na gode. Har da russunawa.

Alhamis, 11 ga Yuli, ƙarfe 6:50 na safe

Na yi barci mai daɗi, rabona da irinsa tun Afrilu. Na faɗa, an ce in yi shiru, nauyi ya koma kan wani. Barcin nan ya fi komai ba ni haushi.

Asabar, 13 ga Yuli, ƙarfe 2:00 na rana

Me ya kai ni kasuwar Sabon Gari? Akwai tumatir a Samaru. Ban sani ba, ƙafa ce ta ja.

A layin masu kayan miya na ji an dafa kafaɗata. Mama Winifred ce, matar Baba. Rabona da ita tun ranar da suka zo mini ta'aziyya su biyu, suka zauna a tabarmar tsakar gida har la'asar. Ta rame.

Na gaishe ta, na ce ya Baba? Sai ta ajiye kwandonta a ƙasa.

"'Yata, Babanki ba lafiya, amma ba jiki ba ne. Mun je asibitin ido ran Talata. Likita ya auna, ya sake aunawa, ya nuna masa wani littafi mai ɗige-ɗige, duk ya karanta. Ya ce idonsa ya fi na ɗan shekara arba'in. Kin san me ya ce da muka fito? Wai likitan yaro ne, tausayinsa ya ji."

Ta ci gaba, ba ta ma jira ni ba.

"Da safe sai ya ɗaga riga ya ce, Winifred, wannan wane kala ne? In na faɗa ya ce haka shi ma ya gani, amma ai wancan ma haka ya gani. Ya ajiye mashin, wai kar ya kaɗe ɗan wani. Ran Lahadi bai je coci ba, shi da ko zazzaɓi ba ya hana shi. Ya ce kowa kallon idonsa zai yi."

Mai tumatir yana ta ce mini Hajiya na nawa, ban ma san na riƙe masa kwano ba.

Da za mu rabu ta kama hannuna. "Ya ce in na gan ki in roƙe ki gafara. Wai kina cikin rashin mahaifiya ya ɓata miki aiki, ya sa kika ji kunya gaban oganki. Abin da ya fi damunsa kenan."

Na ce babu komai, Mama. Na ce masa babu komai! Ni ce na yafe.

Asabar, ƙarfe 4:30 na yamma

Na bar tumatirin a wurin mai tumatir.

Lahadi, 14 ga Yuli, ƙarfe 11:30 na safe

Nasir ya zaunar da ni bayan karin kumallo. Ya ce ya ba ni kwana goma yana jira, ya gaji. Na gaya masa duka, ina yi ina tsayawa.

Ya daɗe yana juya cokali a kofi. Na ɗauka wa'azi zai yi mini, shi da yake koyar da addini a sakandare. Bai yi ba.

"Ni ba zan ce ki je ba, ba zan ce kar ki je ba. Kin riga kin san amsar, shi ya sa kike ƙona mana abinci. In Alhaji ya sallame ki, ba za mu kwana da yunwa ba. Za dai mu rage nama."

Na ce shekara tara na yi ina gina wurin nan. Na ce a garin nan kamfanin littattafai nawa ne, wa zai ɗauki wadda ta bar samfur a rana ta kuma ɓoye? Na ce ai na faɗa wa shugabana, na sauke nawa. Na yi ta kawo dalilai, yana ta gyaɗa kai, har na ji kamar in watsa masa shayin.

Da na gama ya ce, "To, ai shi ke nan. Me ya sa kike kuka?"

Litinin, 15 ga Yuli, ƙarfe 1:40 na rana

Na sa ambulan a jaka lokacin hutun rana na kama hanyar Sabon Gari. Na kai Kwangila, ruwa ya tsuge, na ce ai ba a kai magana irin wannan cikin ruwa. Na juyo.

Ruwan ya ɗauke kafin in iso Samaru.

Talata, 16 ga Yuli, ƙarfe 1:35 na rana

Yau har PZ, dab da Sabon Gari, sannan na juyo.

Laraba, 17 ga Yuli, ƙarfe 8:20 na safe

Da Umma ce, da tuni ta ce in ɗauko mayafina. Ba ta iya dogon zance ba. Ba zan rubuta a kanta ba, na ce ba zan rubuta ba.

Alhaji ya shigo ya gaishe ni da fara'a, har ya tambayi Nasir. Tun da nake bai taɓa yi mini kirki kamar makon nan ba, ni kuwa duk gaisuwarsa sai in ji tsigar jikina ta tashi.

Alhamis, 18 ga Yuli, ƙarfe 3:50 na yamma

Aiki ya kai ni maɗaba'a, sabon katin ya fito. Henry ya yi ƙoƙari, koren ya dawo kore. Na fita bakin ƙofa na duba a hasken rana, na sa hannu.

Gilashin haɗin tawada yana nan amma wuƙar ba ta nan, rigar aikin da ke rataye a ƙusa ita ma babu. Na tambayi Oga. Ya ce Baba ya zo jiya da sassafe, kafin ma'aikata su iso, ya kwashe kayansa. Ƙarshen wata zai koma ƙauyensu wajen Zonkwa, ya riga ya gaya wa mai gidan da yake haya.

Oga ya goge fuska da hannu. "Na ce masa ya zauna ya riƙa duba mini ɗaurin littafi, ba sai ya taɓa kala ba. Ya ƙi. Ya ce makaho ba ya zama a gidan bugu. Madam, mutumin nan tun zamanin babana yake nan. Ni ya koya wa riƙe takarda. Ina jin kamar na kori ubana, amma ya zan yi?"

Jakata tana rataye a kafaɗata, ambulan yana ciki. Hannuna yana kan zif.

Na ce Allah ya sa haka ya fi alheri, na fito.

Kwana goma sha uku ya rage a watan.

Juma'a, 19 ga Yuli, ƙarfe 11:50 na safe

Ban je ofis ba. Ban tsaya a Kwangila ba, ban duba sama ba.

Na shiga wurin Oga ban zauna ba, don na san in na zauna gaisuwa za ta cinye ni. Na zaro takardar na shimfiɗa a teburinsa, na ajiye katin bana kusa da ita. Na faɗa a tsaye, mota, rana, mako biyar, da abin da na ce wa Baba da ya tambaye ni.

Ya kalli takardar, ya kalle ni, ya sake kallon takardar. Ya kira Henry ya ɗora na'urarsa a kan duka biyun. Henry ya duba lambobin ya yi fito a hankali. Ya ce, "Oga, da ido ya yi wannan? Ni da na'ura ban kai haka kusa ba."

Oga ya yi faɗa, da Hausa da Turanci da yarensu, har matan naɗi suka daina aiki. Ban kare kaina ba, babu abin karewa. Ya ce yanzun nan zai kira Alhaji. Na ce ya kira. Da ya gaji ya zube a kujera, ya yagi takarda ya zana mini kwatancen gidan Baba, ta wajen Unguwar Gabas.

"Ba ni ya kamata ki fara gaya wa ba. Ki ce masa Litinin injinsa yana jiransa, ni ma zan zo da kaina anjima. Amma ke za ki fara shiga."

Ina cikin mota saƙon Alhaji ya shigo. Layi ɗaya: in kawo makullan ofis ranar Litinin. Na ɗauka zai yi mini zafi fiye da haka.

Juma'a, ƙarfe 5:30 na yamma

Gidan haya ne mai ɗakuna a jere. Kwalaye uku a ɗaure a baranda, an fara haɗa kaya. Baba yana zaune a benci da singileti, hannuwansa tas, ban taɓa ganinsu babu tawada ba. Da ya gan ni ya miƙe da sauri yana neman riga.

"'Yata! Ke da kanki? Winifred, kawo ruwa, kawo kujera. Ai ni ya kamata in zo."

Na ce Baba don Allah ka zauna. Na durƙusa a siminti, na miƙa masa ambulan.

Ya zaro takardar. Bai tambaye ni komai ba. Ya taka zuwa tsakar gida inda haske yake, ya ɗaga ta, ya juya bayanta, ya murza gefenta da yatsa, ya duba sa hannuna da ya koɗe. Na ga lokacin da ya gane, kafaɗunsa ne suka fara sauka.

"Rana ne," in ji shi.

Na ce, "Rana ce, Baba. Mako biyar a bayan motata. Ba a duhu yake ba. Ƙarya na yi maka."

Kamar bai ji na ƙarshen ba. Ya ɗaga murya, "Winifred! Winifred, zo ki gani! Idona ƙalau ne!" Ta fito da kofin ruwa a hannu. Ya shiga nuna abubuwa yana dariya, hawaye na bin fuskarsa. Zanenki ruwan goro ne. Bokitin can ja ne mai ɗan rawaya a ciki. Ƙofar maƙwabci kore ne, amma mai fentin ya cika fari. Maƙwabta suka leƙo. Mama Winifred ta ajiye kofin tana ta cewa mun gode Yesu, mun gode. Na ba shi saƙon Oga, ya ce a kwance kwalayen nan yau ɗin nan. Ni ma na yi kuka, kuma na yarda har da daɗi a ciki, na ɗauka an gama.

Ya dawo ya zauna a benci, yana goge ido da gefen singileti. Ya mayar da takardar cikin ambulan a hankali, ya rufe bakin. Sannan ya dube ni.

"Yaushe kika gane?"

Da na ce jiya, da ya yarda. Komai na faɗa masa yarda yake yi.

Na ce, "Ran biyu ga wata, Baba. Ranar da muka zo da Alhaji, da yamma."

Mama Winifred ta daina motsi. Na san kasuwa take tunawa.

Ya sunkuyar da kai ya shiga ƙirgawa da yatsu, bakinsa yana motsi. Ya ƙare hannu ɗaya, ya ƙare na biyu, ya dawo na farko, ya sake kama na biyu.

"Sha bakwai," in ji shi.

Na ce ka yafe mini, Baba. Na so ya zage ni, na so ya yi ihu irin na Oga. Ya ajiye ambulan a gefensa, ya ɗora hannu a kai.

"Na ji. Ki gaida gida, Malama."

Mama Winifred ce ta raka ni bakin ƙofa. Shi bai tashi ba.